Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwiwata Ta Hagu

Da na tambayi lafiyarki, amma ƙarar da kika yi da asuba sa'ad da na duƙa alwala ta riga ta ba ni amsa.

Na rubuto ne in tuna miki abin da ya sami 'yar'uwarki ta dama, tunda a gabanki aka yi komai. Shekara takwas tana gasa mini aya a hannu. Na shafa man zafi har jikoki suka daina zama kusa da ni, wanzami ya kafa ƙaho, an yi allura a cikin gaɓar, duk a banza. Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙashi, sai ya nuna mini cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya cinye ƙarƙaf. Ƙashi ke gugar ƙashi, kamar dutsen niƙa ba hatsi.

Kin san yadda ta ƙare. Aka yi mini allura a gadon baya, rabin jikina ya mutu, ina kwance ina jin zarto da guduma kamar a shagon kafinta. Cikin kusan awa biyu aka kankare bakin ƙasusuwan, aka sa musu hular ƙarfe, aka shimfiɗa roba mai tauri a tsakani. Washegari aka miƙar da ni tsaye da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu.

Ashe wannan somin taɓi ne. Mai gashin ƙashi yarinya ce sa'ar autata, ga ladabi, ga rashin tausayi. Kullum da ma'auninta a hannu: "Baba, ƙara lanƙwasawa kaɗan." Da muka kai digiri 90 na zaci an gama, ta ce 120 muke nema. Ni da ake shakkar tarina a gida, na yi hawaye a gaban 'yar cikina.

Yau amaryar ƙarfe ta zauna lafiya, sai dai tana da sharuɗɗa. Ba ta son tsuguno, don haka an sake masan gidan. Salla kuwa a kan kujera nake yi, can gefen sahu. A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano na'urar bincike ta yi ta ihu sai da na nuna tabo.

Ban wanke kaina ba. Likita ya ce kowane kilo ɗaya da na ƙara, kusan kilo huɗu yake zama a kanki a duk taku. Ashe tsiren dare da malmalar tuwo ta biyu ke kike biyan kuɗinsu. Na tuba.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu yi haɗin gwiwa na gaskiya: ni zan rage ciki, in riƙa tattaki da motsa cinya kullum, in daina jin kunyar sanda. Ke kuma ki daina yi mini hasashen sanyin hunturu da tsakar dare.

Ina roƙonki da gwiwa ɗaya, don ɗayar ba ta durƙuso. Ina da burin yin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai da ƙafata, ba a keken turawa ba. Ki taimaka ki kai ni.

Naki, mai dogaro da ke bayan Allah.