Wa Ya Kaɗa Maka, Ɗan Adar?

Zauna, malam, shayin bai yi na biyu ba. Jiya a wata fada a Madawa na tarar ana musu kamar za a kifar da buta: wane fim ya fi kiɗa? Kowa ya kawo gwaninsa. Da na ce to wa ya yi kiɗan, sai tsit, kamar ruwa ya ci makaɗi.

Ka ce kai ka sani? Bismillah. Ali Nuhu? Haba! Sarki baki yake motsawa, muryar ta wani ce. Ka ce to Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef, ko tamu Fati Nijar ta Maraɗi? Ka matso kusa, amma waɗannan masu murya ne. Ina mai fiyano, wanda ya kwana a situdiyo a Kano yana tatso sautin kalangu da sarewa daga cikin Yamaha? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka ce ai kiɗan fiyano ba kiɗa ba ne, kwaikwayon Indiya ne? Sannu, mai kishin gurmi! Wa na ji yana gunjin waƙar Sangaya a kan buhunan albasa, daga Buza har Keita, mota na tsalle kai kana gyaɗa kai? Ko tagwaye ne ku?

Indiyar ma da kake taƙama da ita, faɗa mini wanda ya kaɗa Sholay na 1975. Amitabh? Subhanallahi! R.D. Burman ne. Disco Dancer na 1982 fa? Mithun rawa ya taka, kiɗan na Bappi Lahiri ne, mai sarƙoƙin zinariya. Shi kuwa A.R. Rahman, Oscar biyu ya kwasa a 2009 saboda Slumdog Millionaire, kai kana nan kana yabon gashin jarumi.

Ka ce kiɗa ado ne kawai, labari shi ne fim? To kashe sautin wayarka lokacin da jaruma ke kuka. Me ya rage? Mace tana yamutsa fuska kamar mai yankan albasa.

Saboda haka gobe in fim ya ƙare, kada ka zabura neman takalmi. Sunan mai kiɗan yana can ƙasa, cikin ƙananan rubutu. Karanto shi, ka dawo mu yi musun. Kafin nan, miƙo kofin, na ukun nawa ne.