Kirsimetin Can da na Nan

Duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a ƙasar waje a unguwarmu ta Sabon Tasha ya san maganar da ake ji a waya da zarar Nuwamba ta kama: "Mama, nan fa Kirsimeti kasuwa ce kawai." Nas ɗin da ke Manchester ta faɗa, ɗalibin da ke Jamus ya faɗa, mai tuƙin mota a Houston shi ma ya faɗa. Mu kuma sai mu ɗauki maganar mu kai ta wurin mai kitso, mu kai ta teburin mai shayi, mu kai ta bayan coci in an tashi daga Zumuntar Mata. Muna jin daɗinta, don abin da take nufi a kunnenmu shi ne namu ne na gaskiya.

Kuma ba ƙarya yaran suke yi ba. Tun ba a shiga Disamba ba an kunna fitilun titin Oxford da na Regent a Landan. Manyan kantuna irin su John Lewis kowace shekara sai sun fitar da tallar Kirsimeti ta musamman, jaridu su yi ta sharhi a kanta, mutane su yi ta gardamar ta bana ta fi ko ta bara. A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba ake bikin godiya, gari na wayewa kuma a ruga kantuna don rangwamen Black Friday, daga nan saye ya buɗe ke nan har ƙarshen shekara. Tsohon nan mai farin gemu da jar riga, wanda yaranmu ke kira Fada Kirsimas, kamfanin Coca-Cola ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa siffarsa da hotunan talla tun daga 1931. Ranar 25 ga Disamba ana hutawa, ranar 26 kuma a sake komawa layin kanti neman araha. Sannan ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021 ta nuna waɗanda suka ce su Kirista ne ba su kai rabin jama'a ba, kashi 46 cikin ɗari ne. Yarinyar da ta tashi tana kwana a coci tana koyon waƙoƙin haihuwar Almasihu, ta je ta tarar da gari cike da fitilu amma benci fili a majami'a, dole abin ya taɓa ta.

Wanda ya fara taka mana burki tela ne, wanda shagonsa ke bakin layinmu. Yana taka keke yana sauraro, sai ya ce da matar da ke ba da labarin 'yarta: "Mama, ki duba bayanki." A bayanta atamfofi ne jibge har kusan rufi, kowace da takardar suna an maƙala da allura. Ya ce tun Oktoba yake kwana a shago, ya ɗauki yara biyu na wucin gadi, kuma rabin masu kayan nan bashi suka ci suka sayo yadin. "In wannan ba kasuwa ba ce, Mama, mece ce?"

Aka yi dariya, amma ni ina ganin gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar da ba mu cika son ji ba. Mu ma muna kashe kuɗi a Disamba, kashewa ta fitar hankali in aka gwada da abin da muke samu. A leƙa kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Barci a mako na biyu na wata a gani. Kowane yaro sai kayan Kirsimeti: riga, takalmi, safa, agogon roba, tabarau mai launi. Mata su yi anko, ƙungiyar mawaƙa ta yi nata, matasa su yi nasu. Mai kitso ta ninka kuɗi. Mai kaji ya ninka. A tashar Television kuɗin motar Kafanchan da Zonkwa da Kachia ya tashi, kuma ba mai fasa tafiya, don wanda bai je gida Kirsimeti ba sai ya yi bayani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙara nauyi, har buhun shinkafa ya doshi naira dubu ɗari a ƙarshen 2024, amma na san gidajen da suka gwammace su jinkirta kuɗin makarantar Janairu da a ce tukunyarsu ba ta hau wuta ba. Black Friday ɗin da muke zagi, Jumia da sauran kantunan intanet sun kawo mana ita har cikin waya, kuma 'ya'yanmu na jiranta. A Legas kuwa Disamba ta zama kakar masu otal da masu shirya wasanni, kuma 'yan uwanmu masu dawowa hutu daga waje su ne manyan masu saye.

Wani dattijon coci da ke zama da mu wurin mai shayi, wanda ya yi makaranta a Wusasa, ba ya yarda a ce da can ba a sayen komai. Ya ce ko a zamaninsu, lokacin da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 shi ne kaɗai littafin da ke gidaje da yawa, yaro yana jiran Kirsimeti ne saboda abu biyu: sabuwar riga da shinkafa. Shinkafa a lokacin ba abincin kullum ba ce, sau ɗaya ko biyu ake ganinta a shekara. Kuma bikin ya faɗo daidai kaka, an girbe dawa, an haƙe citta, manomi na da ɗan abin hannu. "Ɗana," in ji shi, "ciniki da biki tare suka taso. Ka tambayi 'yan Kantin Kwari yaushe suke ciniki in ba gab da Sallah ba." Wannan kam kowa ya gyaɗa kai. Malamin da ke sayar mana da nama ya ce shi Disamba da Layya su ne watanninsa, kuma bai taɓa jin wani ya ce Layya ta lalace don an yi cinikin raguna ba.

To in haka ne, me ke damun yaranmu na waje? Na daɗe ina sauraronsu, kuma na lura ba tsadar kaya ko yawan talla ke sa muryarsu ta canza ba. Inda muryar ke rawa shi ne in sun zo kan ranar kanta. Yarinyar Manchester ta ce wa uwarta, duk hayaniyar wata biyu, ranar 25 gari tsit yake yi. A Landan ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba bas. Dokar 2004 ta hana manyan kantuna buɗewa a Ingila da Wales. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Kowa ya shige gida da iyalinsa, an ja labule, an buɗe kyaututtukan da aka naɗe a takarda, an ci talotalo, an kalli jawabin Sarki da ƙarfe uku. Abu ne mai kyau ga mai dangi a kusa, kuma Turawa suna riƙe shi da daraja, har su yi tafiyar sa'o'i don su kwana gidan iyaye. Amma baƙo fa? Baƙo yana ɗaki shi kaɗai, yana jin ƙamshin girkin maƙwabci ta bango, kuma ba yaron da zai ƙwanƙwasa ƙofa da kwano a hannu.

Nan ne bambancin yake, a ganina. Su da mu duk muna saye. Abin da suke saye yana shiga gida ne a rufe ƙofa. Abin da muke saye, mafi yawansa fita yake yi.

A dubi watanda. Tun Janairu maza goma ko ashirin ke zuba adashi, ranar jajibere a kawo sa a yanka a filin makarantar firamare, a kasa nama kashi-kashi a kan ganye, kowa ya ɗauki nasa. Mahauci Musulmi ake kira ya yanka, kuma ba don rashin wuƙa ba: don maƙwabci Musulmi ya ci hankalinsa kwance ne. Wannan tunanin kaɗai ya nuna don wa ake girkin. Uwar gida ta kwana tana suyar cincin da nama, asuba ta dafa shinkafar da gidanta ba za su iya cinye ko kashi ɗaya cikin uku ba. Kafin a tafi sujada an jera kwanuka, yara na ta kai da kawowa: wannan na gidan Alhaji, wannan na gwauruwar ƙarshen layi, wannan na masu gadi, wannan na almajiran da ke ɗebo mana ruwa. Da rana kuma ƙofa a buɗe take. Wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ya yi sallama ya zauna, a ba shi abinci da zoɓo. Yara su yi ayari gida-gida cikin sabbin kaya suna barka da Kirsimeti, a ba su 'yan canji kamar yadda ake ba da goron Sallah. In Sallah ta zo kwanukan su dawo da tuwo da miyar taushe da soyayyen rago. Sabuwar rigar ma, ai don a fita a gaisa da mutane aka ɗinka ta.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba in muna yabon kanmu. Wa ke biyan kuɗin wannan buɗaɗɗiyar ƙofa? A gidaje da yawa na layinmu, shinkafar da sa da atamfar duk daga waya suka fito, daga saƙon kuɗin da ya shigo a farkon Disamba. Wata ƙanwar maƙwabciyarmu da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila, da kanta take roƙon a sa ta aiki ranar Kirsimeti, saboda a wurinsu ana ƙara kuɗin awa a ranar, kuma ko ta zauna a gida ba wanda za ta gani. Ta wuni tana ciyar da tsohuwar da 'ya'yanta ba su zo ba, ta fita waje lokacin hutu ta kira gida ta bidiyo, a nuna mata tukunya, a nuna mata yara cikin kayan da ta saya. Yayarta ta ce mana in sun ajiye wayar takan shiga ɗaki ta share hawaye kafin ta fito. Saboda haka in muka ce nasu kasuwa, namu zumunci, mu tuna zumuncin namu guminsu ne a cikin waccan kasuwar. Kuma mu rage jerin buƙatun da muke tura musu. Na ga takardar da wani gida ya aika wa ɗansu ɗalibi, har da kuɗin fenti da sabbin kujeru, yaron da ke wanke kwanuka da dare don ya biya haya. Wannan bai dace ba, kuma ba addini ne ya ce a yi ba.

Ba dukansu ke kuka da can ba, gaskiya. Ɗalibin Jamus ya ce kasuwannin Kirsimeti na garuruwansu, irin ta Dresden da ake ci tun 1434, sun fi kama da namu fiye da yadda ya zata: mutane a waje cikin sanyi, ana ci ana sha ana hira a tsaye. Wata kuma ta ce abu ɗaya da ta huta da shi shi ne gasar ado, don ba wanda ke duba ko atamfarta ta bara ce. Majami'un 'yan Najeriya a Landan da Houston sun koyi haɗa abinci bayan sujada don kada kowa ya koma ɗaki shi kaɗai. Wasu ma sun fara kai wa maƙwabtansu Turawa shinkafa dafa-duka, kuma an ce ana karɓa da murna.

Ni abin da ke tsorata ni yana nan gida. Mu mutanen Kaduna mun san abin da ya faru bayan rikicin 2000 da na 2002: gari ya rabu, yawancin Kirista suka koma kudancin kogi, yawancin Musulmi suka koma arewa. Iyayenmu da suka zauna Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Rimi suna ƙirga gidajen da suke kai wa kwano da yatsun hannu biyu su ƙare ba su gama ba. Yau akwai yaran da suka girma a wannan ɓangaren ba su taɓa cin naman Layya daga hannun maƙwabci ba, akwai na wancan ɓangaren da ba su taɓa ɗanɗana cincin ɗin Kirsimeti ba. Ga sabbin gidaje masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, inda yaro mai yawon barka zai tsaya ya buga har ya gaji. Ga bishiyar roba daga Sin a falo, an jera kwalaye a ƙarƙashinta, an ɗauki hoto an sa a Facebook. Ban ƙi bishiyar ba, tana faranta wa yara rai. Amma na shiga gidan da ke da bishiya har biyu, kuma ko kwano ɗaya bai fita daga cikinsa ba. Shirun da yaranmu ke gudu a Turai, muna gina shi da hannunmu a nan, ba tare da wani kanti ya tilasta mana ba.

Da na faɗi haka wurin mai kitso, wata mama da ta baro Tudun Wada shekaru da yawa ta ce ita ba ta taɓa fasawa ba. Kowace shekara takan cika kula biyu, ta ba jikanta kuɗin Keke Napep, ya haye gada ya kai wa tsohuwar maƙwabciyarta, Hajiyar da suka yi goyo tare. Kuɗin motar yanzu ya kusa fin kuɗin abincin. Mai kitso ta ce, "To Mama, ki tura mata kuɗin ta waya mana, ai ya fi sauƙi." Mama ta ce Hajiya ba kuɗi ta rasa ba, kuma yaron ya kamata ya san hanyar gidan. Sai ta juya ta tambayi mai kitso ko bana ma za ta ƙara kuɗin shuku, don in haka ne gara ta sani tun yanzu ta rage yawan kaji.