Jinjina ga Sarkin Fila

Allah ya ja zamanin gwanin gwanaye, mai fada a inuwar darbejiya bakin hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, gagarabadau mai rufa wa tsatsa asiri, mai sayar da tsohuwa a kuɗin budurwa! Mu mutanen Kutawa shaida ne. Golf ta zo hannunka da hantsi, gishirin titunan Turai ya cinye gindin ƙofofinta tun kafin ta sauka Kwatano, amma kafin La'asar ta fito tana ɗaukar ido.

Masu ƙaramin sani ne ke ɓata kwanaki a kan ƙofa ɗaya. Su kankare fenti, su bi kowane rami da burushin waya da sanfefa har farin ƙarfe ya bayyana, inda ya huje su yanke su yi walda da sabon kwano, su shafa maganin tsatsa, su fesa fentin farko mai kare ƙarfe, sannan su ɗora fila kaɗan-kaɗan. Wai tsatsar da aka binne da ranta ci take yi ta ƙarƙashi, wai fila tana shan danshi. Kai kuwa, ranka ya daɗe, tausayi ya hana ka raba tsatsa da gidan da ta saba. Rami ya yi zurfi, ka cusa takardar buhun siminti. Ya yi faɗi, ka kara masa kwali. Ka kwaɓa fila ka yaɓa kaurin yatsa biyu, kyauta irin ta manya, ba ƙoro ba awo. Maganaɗisu da kansa nauyinka yake ji: a manna shi a jikin motar, sai ya faɗi ƙasa don ladabi.

Feshi kuwa a fili kake yi, cikin ƙurar hunturu, don kowace mota ta tafi da ƙasar Katsina a cikin fentinta. Wannan kishin gida ne.

Ga riƙon zumunci! Ruwan Agusta na sauka fenti ya kumbura, fila ta tsage ta zubo, mai mota ya dawo gaishe ka da kuɗi a hannu. Fasinjojin kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ma sun gode: a ɗaga tabarmar ƙasan mota, ga kwalta tana gudu a ƙarƙashin ƙafa, ga iska kyauta. Bututun birkin da tsatsa ta rarake kuwa ka lulluɓe shi da baƙin fenti mai sheƙi, don kada hankalin direba ya tashi alhali yana ɗauke da rayukan mutane.