Ayarin Kilomita Biyar a Tsibirin Birai

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku. Wanda ya matsu ya ga ruwan gishiri sai ya bi hanyar Garoua-Boulaï har Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1000. Amma muna da kogin Ubangi. A watan Maris, idan ruwa ya ja baya, rairayi ya fito fari fat, mangwaro ya soma nuna, mutanen unguwar Kilomita Biyar ta babban birni kan yi karo-karo su ce za su Tsibirin Birai shan iska. Titin Boganda ne kawai tsakaninmu da bakin ruwa, duk da haka akwai attajirin da ya san lungunan Dubai, ya sauke farali, bai taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Kuma ɗan unguwar nan, duk inda za shi, da kasuwarsa a ka yake tafiya.

A gaban ayari akwai Alhaji Nawa-ne. Tun daga gaɓa yake farawa. Ya ga masu haƙar yashi suna nitso da bokiti suna cika kwalekwale, shi tifa yake ƙirgawa. "Yanzu duk wannan kyauta suke ɗiba?" A tsibiri kowa ya ɗaga kai yana kallon tsayin bishiya, shi ya rungume gindinta yana ƙiyasin katakon da za ta fitar. Idan aka yi sa'a aku mai jar wutsiya ya gifta, sai ya tambayi kuɗinsa. Wani ɗan boko ya ce, "Alhaji, ai tun 2017 aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe." Alhaji ya yi shiru, ya shafa gemu. "To, ka ga yanzu ne zai yi tsada."

Bayansa mahauci, ƙato, mutumin da shi kaɗai ke kayar da bijimi. Da kwalekwale ya motsa sai ya riƙe gefe da hannu bibbiyu, yana tambayar matuƙi ko akwai kada, in akwai ko ta ci abinci yau. Duk addu'ar da ya koya tun makarantar allo sai ta dawo masa, har wadda ake yi in za a shiga kasuwa. A tsakiyar kogi, inda ruwa ya yi duhu, sai ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida, duk wanda nake bi kuɗin nama na yafe!" Ƙafarsa na taɓa yashi ya gyara hula, ya dubi wanda ya fi kowa cewa amin. "Malam, wancan zancen na cikin ruwa ne."

Mai magani ba ya tafiya taku goma bai tsinki ganye ba. Wannan na basir, wancan na shawara, na ukun na abin da ba a faɗa gaban yara. Zuwa la'asar hannunsa ya kumbura, yana neman mai fanadol.

Wanda ya fi cika kunne shi ne jikan maharbi. Ya zo da malfa, da gora, da takalmin sojan gwanjo. Duk tsuntsun da ya wuce shaho ne. In ƙarami ne, ɗan shaho. Yakan ba da labarin Bayanga, can kudu maso yamma, inda giwayen kurmi ke taruwa a wani fili na dajin Dzanga-Sangha suna haƙar gishirin ƙasa. Wurin gaskiya ne, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2012, sai dai waɗanda suka san mutumin sun ce iyakarsa Berbérati, da ya kai batir da tocila. Ya durƙusa kan wani sawu, ya auna da yatsu, ya rage murya: "Damisa ce, kuma ba ta daɗe da wucewa ba." Gaskiya ya faɗa rabi, don ga karen masunta nan tafe yana kaɗa bindi. Guza kuwa na motsi cikin busasshen ganye, kafin a waiwaya har ya riga mahauci shiga kwalekwale.

Ɗan gayu farar shadda ya sako, sabuwar guga, zuwa yawon laka. Shi hoto ya kawo shi. Zai rubuta "a bakin teku" a Facebook, alhali gidajen Zongo, garin Kwango da ke tsallaken kogi, na leƙowa ta bayan kafaɗarsa. Wayar tasa ma ta riga shi ƙetare iyaka, ta kama layin Kwango tana shanye masa kati.

Akwai kuma dattijon da komai aka nuna masa sai ya ce ba a ga Boali ba, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 50. Ba ya faɗin cewa a wannan wata kogin Mbali da ke zubowa can ma ramewa yake yi.

Ni dai Hajiya mai kuloli nake girmamawa. Tana sauka ta shimfiɗa tabarma a inuwa. "Ku je, 'ya'yan nan. Ni da nake zaga kasuwa kullum, wace tafiya za ku koya mini?" Ta kira masunci, ta yi ciniki da shi cikin harshen Sango har sai da ya yi gumi, ta sa aka naɗe giwan ruwa cikin ganye aka ɗora a garwashi, ga mangbelen rogo a gefe. Masu yawo sun shiga daji da surutu da rediyo, sun kori duk wani mai rai. Ita da ba ta motsa ba ta ga zalɓe ya tsaya cak a ruwa iya gwiwa, ya soke kifi, ya juya shi ya haɗiye ta kai. Da aka dawo aka tambaye ta me ta gani, sai ta ce, "Ku wanke hannu."

Saura wanda bai je ba, don ba ya iya rufe shago. Bayan isha'i za ka same shi a teburin mai shayi kusa da Babban Masallaci, ya tara jama'a, yana ba da labarin dorinar da ta taso wa kwalekwalen, da yadda matuƙi ya kauce mata da ƙyar. Ɗan gayu ya buɗe baki zai musa, mahauci ya taka masa ƙafa. "Ci gaba, Malam. Faɗa musu wanda ya riƙe jirgin bai kife ba."