Takardar maigida daga Kumasi

Daga maigida, wanda neman abinci ya kai Kumasi ta ƙasar Gana, zuwa ga amaryarsa Kaka a ƙasar Agiye. Yana fata tana lafiya, da ita da goronta da ba ta sam wa kowa.

Kuɗin da ya aiko wannan karon ba na atamfa ba ne. Amarya ta haƙura da kwalliya, ai ta riga ta yi kasuwa tun zamanin Jori Hamani. Na kayan gyaran gida ne, kuma a saye su kafin hadarin farko ya haɗo. Maigida bai manta damanar 2024 ba, da ruwan ƙarshen watan Agusta ya rusa gidaje a Maraɗi har aka yi asarar rayuka. Ginin ƙasa kuwa yana sanarwa kafin ya faɗi: tsaga ce ke buɗe baki, ko gindin katanga ya fara zaizayewa.

A Kumasi akwai unguwar da ake kira Suwame Magazin, inda dubban makanikai da maƙera da masu walda ke aiki, ba sa yar da ƙarfe sai sun ga ba ya moruwa. A wurinsu maigida ya ga amfanin mutum ya mallaki kayan hannunsa. Don haka a shiga Maraɗi ko kasuwar Cadawa a samo marto, wato guduma, da filaya, da sukundireba mai baki biyu, da zarto, da cokalin magini, da cebur, da mitar awo, da ƙusoshi manya da ƙanana, da nannaɗen waya. Gatari da gizago akwai su a gida. A zuba su a tsohon akwatin ƙarfe, mabuɗi ya zauna a lalitar Kaka, don duk dangi sun shaida abin da ya shiga lalitar nan ba ya fita.

Mai aikin kuma taubashin maigida ne na Gazawa, bawan nan nasa. Tun 2011 da aka cire Gazawa daga Agiye aka yi mata gundumarta, yake tafiya yana ɗaga kafaɗa, shi a dole mutumin birni. To ubangidansa ya ce ya naɗe wando ya hau rufi.

Ya fara da ɗakin tol. Da rana tsaka ya shiga ya rufe ƙofa. Duk inda haske ya ɓullo, nan ruwa zai bi. Ƙaramin rami kwalta da ƙyalle sun ishe shi. In zai buga sabuwar ƙusa, ya buga a tudun kwanon, kada ya buga a kwarin da ruwa ke gangarowa, ya kuma yanko tsohon tib na babur ya sa mata a wuya.

Sai katanga. A kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi da kashin shanu, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a jiƙa tsagar tukuna sannan a cusa, a yi yaɓe. In an sami makuba ta kwasfar ɗorawa, ta fi, don ruwa ba ya saurin cin ta. Kada a yi asarar kuɗi wajen shafa siminti kai tsaye a kan ginin ƙasa, ko na Malbaza ne: danshi yana maƙalewa a ciki, wata rana ya ɓanɓaro gaba ɗaya. A tara ƙasa a gindin katanga ta yi gangare, a buɗe hanyar ruwa, a share indararo a ƙara masa tsawo.

Gara kuwa, a roƙi baƙin mai wajen mai gyaran babur a shafe gindin dirka da kan azara, amma a nisanta shi da rijiya da hatsin rumbu. Itacen da ake bukata a sassabo daga rassan da ke gona, yadda mutanen Ɗan Saga ke renon kututture ya zama bishiya, ba sai an saya ba. Ƙofar da noti ya saki, a cusa tsinken ashana a ramin a mayar. Faifan sola a goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle da sassafe, fitilar amarya za ta daɗe tana ci.

In an gama da Agiye, bawan ya ɗauki akwatin ya hau mota ya bi kwalta zuwa Gidan Rumji wajen Gwaggo, tunda ƙasarsu ta gulbi ce, danshi ya fi yawa. Ladansa fura ce da tuwo, sai hula in ubangidansa ya dawo da Sallah.

A gaida Kawu da mutanen gida duka. Kaka ta sa wani yaro ya ɗauki hoton rufin a aiko ta WhatsApp kafin a fara shuka.

Maigidanta na Kumasi.