Ƙurar Hunturu a Watan Agusta

Daga Kawo har Unguwar Rimi, da wuya ka sami uban da zai yarda katun ya taɓa sa shi hawaye. Katun ai na yara ne, ana kunna musu don su bar mutane su sarara. Haka abin yake lokacin da Tom da Jerry kaɗai aka sani, kyanwa na bin ɓera shekara da shekaru, ba mai girma, ba mai barin gida. Sai masu shirya katun a Amurka suka gano lagon iyaye. Su ɗauko yaro, su raine shi a gaban idonka, har ya saɓa jaka ya fita. Mu kuwa da kara da dauriya aka raine mu, don haka kowa da dabararsa ta ɓoye abin da ke cin sa.

Akwai Alhaji mai kallo a tsaye. Ba ya zama, don zama amincewa ne. Yana bakin ƙofar falo, makullin mota a hannu, wai zai leƙa kasuwar Sheikh Gumi. "Wannan shirmen kuke kallo tun safe?" The Lion King ne na 1994. Rabin sa'a ta wuce, Alhaji na nan. Ga Simba yana zungurar gawar ubansa Mufasa ko zai tashi. Alhaji ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar, ya yi gyaran murya. Auta ya waiwayo: "Abba, kuka kake yi?" "Kai, tafi can! Ƙurar hunturu ce." A tsakiyar Agusta ke nan, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

Hajiya mai riga malam masallaci ba ta da wannan matsalar. A Toy Story 3 na 2010, da ta ga uwar Andy ta tsaya a ɗakinsa da aka kwashe don zai tafi jami'a, sai ta ja gefen mayafi. Nan take ta hango nata ɗan a tashar Kawo zai hau motar Zariya, ta shiga lissafin dambun nama da yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu. Samarun Zariya ko awa biyu ba ta kai ba daga Kaduna. Yaron kuma yana aji uku na firamare, yana gefenta yana tsotsar alawa.

Sai Malam mai rimot, wanda yara suka fi tsoro. Shi ma abin yana taɓa shi, amma wa'azi yake mayar da shi. A Finding Nemo na 2003, da ɗan kifin ya ƙi jin maganar ubansa ya je ya taɓa jirgin ruwa aka cafke shi, sai Malam ya tsayar da fim. "Kun gani ko? Me nake gaya muku kullum?" Minti goma ana tafsiri. Abin da ban yafe masa ba shi ne, duk fim ɗin uban ake koya wa ya sassauta riƙo, amma da an doso wurin sai ya dubi agogo ya ce lokacin salla ya yi. Haka ya yi wa fim ɗin Moana. Yaran gidan har yau sun ɗauka yarinyar ta halaka a teku.

Mai lissafi kuwa wuri ɗaya ne ya girgiza shi, inda Andy na Toy Story 3 ya ba wata yarinya kwalin kayan wasansa kyauta. "Duka? Ko ciniki babu? A Kasuwar Barci ai kuɗin rajistar zango guda ne."

Wadda abin ya fi yi wa illa, a ganina, ita ce uwa mai kunyar 'yar fari. Shekara 14 ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, daga "ke" sai "waccan". Aka sa Inside Out na 2015, labarin Riley 'yar shekara 11 da iyayenta suka ƙaura da ita daga Minnesota zuwa San Francisco, ta yi ta cin rai har ta nemi gudu daga gida. A ƙarshe ta dawo ta fashe da kuka, uwa da uba suka rungume ta. Falo ya yi tsit. Umma ta saci kallon 'yarta, wadda aka riga aka sayo wa akwatin makarantar kwana. Hannu ya so miƙewa, al'ada ta riƙe shi. Sai ta fizgo auta da bai san hawa ba bai san sauka ba, ta matse shi har ya yi ƙara. Sa'an nan, ba tare da ta ɗaga kai ba: "Ke, tashi ki ɗauraye kwanukan can." Da dare yarinyar ta buɗe tuwonta ta tarar da tsoka biyu, alhali kowa ɗaya aka sa masa. Ba wanda ya ce uffan.

Kaka ce kaɗai ba ta ɓoye komai. Turanci ba ta ji, in kuwa tashar MBC3 ce mai Larabci, duk jimlar da ta yi tsawo sai ta ce amin. Amma labari ba ya kuɓuce mata. Tun fitowar Scar ta farko a The Lion King ta ce, "Wannan ɗan uba ne, ku dubi idonsa. Sarauta yake so." Da ya saki Mufasa daga kan dutse ta ja masa Allah ya isa har sau uku, ta share hawaye da bakin zane, ta ba jikoki labarin wani rikicin gado a garinsu wanda ya fi fim ɗin tsawo. An gama, sunaye na hawa allo, ita ba ta gamsu ba.

"Wai shi Simban nan, wa ya karɓa masa aure? Waɗannan abokan yawon nasa? Ina dangin uba?"