Idan Bidiyon Gem Ɗinka Yana Tsalle-Tsalle: Shawarwari Ga Samarin Karshi

Ƙanena mai laftof, an ce ka zura ƙwallon da ba a taɓa ganin irinta ba daga Karshi har Orozo, kuma ka ɗauki bidiyo don kafa hujja. Da aka kunna, sai ga ɗan wasanka a tsakiyar fili, ƙiftawar ido kuma sai ga gola a kwance ana murna. Abin da ya faru a tsakani, kwamfuta ta haɗiye. 'Yan majalisarku sun ce shaci-faɗi kake yi. To, kada ka sa laftof ɗin a kasuwa tukuna, kada kuma ka ce da sa hannun maƙiya. Ciwon sananne ne, kuma fiye da rabin maganinsa ba ya cin ko sisi.

Fara da sanin abin da ke ɓacewa. Bidiyo hotuna ne a jere, ana wucewa da su da gudu har ido ya ɗauka motsi ne. Kowane hoto shi ake kira firem. Fim ɗin sinima yana tafiya da 24 a daƙiƙa, gem kuwa yawanci 30 ko 60. Idan ka zaɓi 60, kwamfutarka tana da milisakan 16 da 'yar ɗoriya ta zana fili da ciyawa da 'yan wasa 22 da 'yan kallo, ta gama ta soma wani. Da ka danna rikodin, ka ƙara mata kwafe hoton, matse shi, da rubuta shi a ma'ajiya, duk a cikin wannan ɗan lokaci. Taura biyu ke nan a baki ɗaya. Duk firem ɗin da bai iso a kan kari ba, watsar da shi ake yi, ba a jiran kowa.

Yanzu sai bincike. Wanda ya saba fita daga Karshi da sassafe, ya bi ta Kurudu da Jikwoyi ya nufi Nyanya, ya san danna ham ba ya buɗe hanya. Sai an gano inda motoci suka cushe. Manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce kuma ita mafi yawan masu ɗaukar gem ke amfani da ita, tana da wata 'yar taga mai suna Stats da ke nuna maka ainihin inda cunkoson yake. Layi ɗaya yana ƙirga firem ɗin da suka salwanta wajen zane, wato katin girafik ne ya gaji. Na biyu yana ƙirga waɗanda aka tsallake wajen matse bidiyo, nan kuma yawanci firosesa ce ke haki. Na uku na intanet ne, kuma bai shafe ka ba sai idan kai-tsaye kake yaɗawa a YouTube ko Facebook. Saboda haka idan rikodin kawai kake yi, ka bar masu sayar da data su sarara, ba su ci maka komai ba a wannan karon.

Idan wajen zane ne, to gem ɗin ne ya cinye tuwon bai rage wa OBS ko loma ba. Shiga saitin gem ka ƙayyade masa firem, ka rage inuwa da ƙyalli da yawan 'yan kallo, babu wanda ya taɓa cin kofi saboda kyawun ciyawa. Ka buɗe OBS da izinin mai gida, abin da Windows ke kira administrator, domin hakan kan sa a ba ta fifiko a katin girafik. Ka zaɓi Game Capture maimakon ɗaukar allon gaba ɗaya. Idan kuma wajen matsewa ne, duba ko x264 aka saita, domin shi a wuyan firosesa yake rataya duk aikin. Katin Nvidia yana da sashe na musamman don wannan aiki, NVENC. Intel na da Quick Sync tun 2011. AMD ma na da nata. Ma'aikaci ne da ka riga ka biya kuɗinsa yana zaune yana hamma. Sa shi aiki.

Amma gaskiyar magana, a Karshi babban abokin gabarka ba ya cikin saiti. Zafi ne da ƙura. Firosesar laftof idan ta doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma daidai wannan lokacin bidiyonka ke fara rawar sanyi. Alamar a bayyane take: minti goma na farko lafiya lau, daga nan fanka ta fara kuka, wasa ya fara maƙalewa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 35, ɗaki mai rufin kwano ba sili ya riga ya yi wa na'urar rabin dahuwa kafin ka kunna ta. Sannan ga abin da hunturu ya bari. Ƙurar Disamba da Janairu ba ta tafi ko'ina ba, tana nan cikin fanka ta haɗu da gashi da zaren bargo ta toshe mafitar iska. Ka ɗora wannan na'ura a kan katifa, ka toshe ramukan ƙasa da take shaƙar iska ta cikinsu, sannan ka ce tana yi maka rashin mutunci. Haba ƙanena, wa ya fara?

Sauke ta daga katifa. Tebur, benci, ko faranti mai faɗi, ka ɗaga bayanta da murafen gora guda biyu iska ta ratsa. Bayan hunturu ka kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share fanka, ya canza man nan mai toka-toka da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, musamman idan ta hannu ce da ta sha duniya kafin ta iso gare ka. Man yana bushewa da shekaru. Kuma ka mai da lokacin rikodin bayan isha'i ko da sanyin safiya. Kada ka sa ta a firij. Na san akwai mai wannan tunanin a majalisarku. Raɓa za ta taru a ciki, ka tashi daga neman firem ka koma neman laftof.

Sai wuta. Laftof ɗin da ke kan batir tana tsimin ƙarfinta, don haka da an ɗauke wuta firem za su zube ko da batir a cike yake. Jona caja, ka saita Windows a kan cikakken ƙarfi. Cajar ma a duba ta: idan na'urar tana son wat 130 ka ba ta mai 65 da ka aro wurin maƙwabci, ba za ta ƙoshi ba. Wasu laftof, irin na Dell, har tantance caja suke yi, idan ba su gane ta ba sai su rage gudun firosesa.

Ga kuma shawarar da na fi so ka riƙe ko da ka manta sauran. Ka yi rikodin da tsarin MKV. Tsohon tsarin MP4 sai an rufe shi lafiya yake buɗuwa. Idan kwamfuta ta mutu ana tsakar ɗauka, ko jen ya shanye mai, ko OBS ta daskare, duk wasan ya tafi. MKV kuwa yana riƙe abin da aka ɗauka har zuwa inda aka tsaya, kuma OBS tana mai da shi MP4 cikin ɗan lokaci da umarnin Remux ba tare da ya rage kyau ba. A garin da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Yanzu mu zo kan kwaɗayi. Ka ga wani Bature a YouTube yana ɗaukar 1080p a firem 60, kai ma ka ce sai haka. Hoton 1080p ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ne, na 720p kuwa dubu 921 da ɗari shida, bai kai rabi ba. Idan ka sauko 720p a firem 30, ka rage wa mai matse bidiyo aiki fiye da ninki huɗu. Su wa za su kalla? Abokanka ne, a waya, a WhatsApp da zai ƙara matse bidiyon ko ka so ko ka ƙi. Abin da suke so su gani shi ne yadda ka yanke ɗan baya, ba adon rigarsa ba.

Kafin ka fara, danna Ctrl da Shift da Esc tare ka ga masu cin arzikin kwamfutarka a ɓoye: Chrome da shafuka ashirin, fim ɗin da ake saukewa, da Game Bar na Windows wanda wataƙila shi ma yana nasa rikodin a bayan fage. Sallami kowa.

Idan duk ka yi wannan abin bai saki ba, sai a yi maganar kuɗi, a hau mota zuwa Banex a Wuse 2. Kada ka bari a ruɗe ka da fitilu masu launi. Abu biyu ke sauya rayuwar tsohuwar laftof: a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, domin gem yana karatu a kansa OBS kuma tana rubutu a lokaci guda, sannan a ƙara RAM ta zama guda biyu masu girma ɗaya, abin da ke taimakon laftof marar katin girafik na daban ƙwarai. Ka tafi da wanda ya san kan kaya, a gwada a gabanka kafin ka biya.

Ranar da za ka sake karawa da wanda ya ƙaryata ka, fara ɗaukar gwaji na minti biyu, ka kalla, ka leƙa Stats ka tabbata lambobin suna kan sifili. Ka kuma duba makirfo, don kada a samu hoto garau amma abin da ake ji kawai shi ne jen ɗin maƙwabta da muryar Umma tana cewa ka tashi ka ɗebo ruwa.